Yadda Ake Amfani da Na'urori Masu Haɗi da Waya da Intanet Wajen Gashin Ƙashin Yara

Iyaye da dama da 'ya'yansu ke zuwa gashin ƙashi sun yi ta maimaita tambaya guda: ga agogo mai ƙirga taku, ga ɗan ma'aunin motsi da ake ɗaurawa a ƙafa, ga manhajar da ke kallon yaro ta kyamara tana ba shi maki, to ta ina ake farawa, kuma wanne ne ya cancanci kuɗinsa? Wannan jagora ta jera aikin bi da bi, ga yaron da gaɓoɓinsa suka yi rauni sakamakon matsala a ƙwaƙwalwa, ko wanda jijiyar hannunsa ta samu rauni wajen haihuwa, ko mai farfaɗowa daga karaya ko tiyata, ko mai sanya takalmin gyaran ƙafa. Abin da nake so a riƙe tun farko shi ne aikin na'ura bai wuce ƙirga da tunatarwa da aika rahoto ba. Mai tsara atisaye likitan gashin ƙashi ne, mai lura da yadda yaro ke yin sa a gida kuwa ku ne.

Mataki na 1: Rubuta buri kafin a nemi na'ura

Ku zauna da likitan gashin ƙashi ku rubuta buri ɗaya, ko biyu idan ya yi yawa, wanda ido zai iya gani kuma yana da wa'adi. "Ya samu sauƙi" ba buri ba ne da za a iya aunawa. "Ya hau matakala biyar yana riƙe da ƙarfen gefe, babu mai tallafe shi, nan da wata uku" shi ne irin abin da ake nufi, haka nan "ta ɗauki kofi da hannun da ke da rauni ta kai baki ba tare da ya zube ba". Idan yaron ya kai ya faɗi ra'ayinsa, a tambaye shi abin da shi yake so ya iya, domin atisayen da ke kai shi ga abin da yake buri ya fi daɗewa yana yi.

Daga nan sai ku yi wa likitan tambayoyi uku: wane motsi ne ya kamata a maimaita, sau nawa a mako, kuma wane motsi ne aka hana. Ga yaran da matsalarsu daga ƙwaƙwalwa take, likitoci suna amfani da ma'aunin GMFCS mai hawa biyar, daga yaron da ke tafiya babu wani cikas sosai har zuwa wanda sai an tura shi a keke. Ku tambayi hawan da yaronku yake, saboda na'urar da ke amfanar mai hawa na ɗaya tana iya zama aikin banza ga mai hawa na huɗu.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi na'ura saboda an ga tallarta, sannan a kai wa likita a ce ya nemo mata aiki.

Mataki na 2: Zaɓar nau'in da ya dace da burin

Na'urorin sun kasu gida-gida, kuma kowane gida yana da abin da yake gani da abin da ya makance a kansa.

Na farko su ne ma'aunan motsi da ake ɗaurawa a jiki. A cikinsu akwai abin da ke jin sauri da abin da ke jin juyawa, suna aika bayani zuwa waya ta Bluetooth, wanda nisansa a cikin gida bai cika wuce mita 10 ba. Su ne suka dace da ƙirga taku, da auna yawan lanƙwasar gwiwa, da sanin ko yaro yana amfani da hannun da ke da rauni a harkokinsa. Wajen wannan na ƙarshe ana ɗaura ɗaya a kowane wuyan hannu a kwatanta su.

Na biyu su ne manhajojin da ke bin gaɓoɓi ta kyamarar waya ko ta kwamfuta. Ba a ɗaura wa yaro komai, abin da ke da amfani ga wanda ba ya son a taɓa fatarsa, amma suna buƙatar haske da fili, kuma sukan rikice idan keke ko abin dogarawa ya tare wani sashe na jiki. Na uku su ne faifan da ake takawa da shimfiɗar cikin takalmi masu auna nauyi, waɗanda ke nuna ko yaro yana jingina nauyinsa duka a ƙafa ɗaya. Irin wannan faifai ne kamfanin Nintendo ya fitar a 2007 domin wasa, daga baya likitocin gashi suka riƙa aiki da shi wajen koyar da tsayuwa. Na huɗu su ne masu jin aikin tsoka ta saman fata, waɗanda ke mayar da ɗan yunƙurin tsoka ya zama haske ko sauti, yadda yaro zai ga ƙoƙarinsa ko da gaɓar ba ta motsa sosai ba.

Na biyar, wanda a ganina ya fi kowanne nuna amfaninsa a fili, shi ne ɗan ma'aunin zafin jiki da ake sakawa cikin takalmin gyaran ƙafa ko rigar gyaran ƙashin baya, yana rubuta sa'o'in da aka yi sanye da su. A wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan matasa masu karkatar ƙashin baya, wanda aka wallafa a 2013, irin wannan ma'auni ne ya nuna cewa waɗanda ke sanya rigar kusan sa'o'i 13 ko fiye a rana, kimanin kashi 90 cikin ɗari ba su kai matsayin buƙatar tiyata ba, alhali waɗanda ba su wuce sa'o'i 6 ba sakamakonsu bai bambanta da na waɗanda ba su sanya ba. Haka batun yake ga jaririn da aka gyara masa murɗaɗɗiyar ƙafa ta hanyar Ponseti, wato miƙar da ƙafar a hankali da filasta sannan a sa masa takalmin gyara: ana so ya kasance cikin takalmin sa'o'i 23 a rana na wata uku, sannan lokacin barci har ya kai shekara huɗu ko biyar, kuma sakaci da takalmin shi ne babban dalilin da ke sa ƙafar ta koma yadda take.

Gargaɗi: agogon hannu na kasuwa an yi shi ne domin mai tafiya da sauri yana kaɗa hannu. Yaron da ke tafiya a hankali, ko wanda hannayensa ke kan abin dogarawa, agogon zai zubar da takunsa da yawa. Ga irinsa ma'aunin da ake ɗaurawa a idon sawu ya fi dacewa.

Gargaɗi: na'urar da ke tura wutar lantarki cikin tsoka ba abin saye ba ce don kai. Likita ne kaɗai zai ce a yi amfani da ita, ya nuna inda ake manna ta da ƙarfin da za a sa.

Mataki na 3: Lissafin kuɗi kafin saye

Farashin da ke jikin kwali rabin labari ne. Ku lissafa kuɗin wata-wata na manhajar, domin da yawa daga cikinsu sukan rufe rahoto idan aka daina biya. Ku haɗa da kuɗin data, da madauri da manne-mannen da ke ƙarewa, da batir, da yiwuwar sai an sauya waya idan wadda kuke da ita ta tsufa wa manhajar. Yaro kuma yana girma, don haka shimfiɗar takalmi ko safar hannu mai ma'auni tana iya yi masa kaɗan kafin shekara ta zagayo. Ku tara duka na wata goma sha biyu, sannan ku kwatanta da adadin zaman gashi da wannan kuɗi zai biya. Idan sayen na'urar zai sa a rage zuwa wurin likita, shawarata a bar na'urar.

Ku tambayi mai sayarwa ko na'urar tana ajiye bayani a cikinta idan babu intanet ta aika daga baya, ko ana iya fitar da rahoto a tura wa likita, da tsawon garanti, da abin da zai faru idan kamfanin ya daina tallafa mata. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da dalili: kyamarar Kinect ta Microsoft, wadda ta fito a 2010 kuma aka gina wasannin gashi masu yawa a kanta, an daina ƙera ta a 2017. Ku duba kuma ko an yi mata rajista a matsayin kayan asibiti a wata hukumar da ke sa ido, kamar FDA ta Amurka, ko kuwa kayan motsa jiki ce kawai. Idan asibiti yana bayar da aro ko haya, a gwada na mako biyu kafin a saya. Sau da yawa ma wayar da ke hannunku, da abin kafa ta, sun isa a fara.

Mataki na 4: Tantance lafiyar yaro da na'urar

Kafin a kunna komai, a sanar da likitan yaro idan yana da ɗaya daga cikin waɗannan. Idan an sa masa bututun da ke janye ruwa daga kai, irin wanda ake saita shi da maganaɗisu, to maganaɗisun da ke cikin wasu wayoyi da kwamfutocin hannu da abin sauraro na kunne yana iya sauya saitinsa. FDA ta ce a nisanta irin waɗannan kaya aƙalla inci biyu, wato kimanin santimita 5, daga wurin. Idan yana da na'urar daidaita bugun zuciya, tazarar da aka ba da shawara ga waya da agogo ita ce santimita 15. Idan yana da farfaɗiya, a guji wasanni masu walƙiya da haske mai kaɗawa har sai likita ya amince. Gilashin da ake rufe ido da shi a shiga duniyar wasa kuma yana da ƙa'idar shekaru daga masu ƙera shi, kuma yaron da tsayuwarsa ba ta yi ƙarfi ba a zaune zai yi amfani da shi.

Gargaɗi: ƙananan ma'aunai da yawa suna aiki da batir mai kama da maɓalli, irin su CR2032. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona wurin mummunar ƙuna cikin sa'o'i biyu kacal. A tabbatar murfin batir yana da ƙusa mai ɗaurewa, a ɓoye sabo da tsoho inda hannun yara ba ya kai, idan kuma ana zargin an haɗiye, a garzaya asibiti nan take ko da yaron yana wasansa lafiya.

Mataki na 5: Buɗe asusu da kare bayanan yaro

Asusun ya kasance da sunan uba ko uwa, da kalmar sirri da ba a yi amfani da ita a wani wuri ba, kuma a sauya wadda ta zo da na'urar daga kamfani. A wurin sunan yaro, laƙabi ya wadatar. Nauyi da tsawo da shekaru ne na'urar ke buƙata domin lissafi. A kashe izinin sanin wurin da ake da na makirufo idan atisayen bai buƙace su ba. A karanta inda aka yi bayanin ko bidiyon yaro yana tsayawa a waya ko ana tura shi rumbun kamfani, wa ke iya ganinsa, kuma ta yaya ake goge shi. Kamfanin da bai iya amsa waɗannan a fili ba, bai kamata a ba shi hoton yaro yana atisaye ba.

Mataki na 6: Ɗaurawa da saitawa a gaban likita

Ranar farko a yi ta a ɗakin gashi. Likita ya ɗaura ma'aunin da hannunsa, ku ɗauki hoton wurin ta gaba da ta gefe, ku kuma lura da inda kibiyar da ke jikinsa ta fuskanta, domin ma'aunin da aka juya kansa ƙasa ko ya zame yatsa biyu daga wurinsa zai ba da adadi daban ba tare da yaron ya sauya komai ba. Madauri ya kama yadda ba zai yi lilo ba, amma ɗan yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa.

Sai a gwada gaskiyar na'urar. Yaro ya yi taku 50 kuna ƙirgawa da baki, a duba abin da ta rubuta. Idan lanƙwasar gaɓa ake aunawa, likita ya auna da ma'auninsa na hannu a kwatanta. Idan tazarar ta yi yawa, a sauya wurin ɗaurawa a sake, idan ta ƙi, a mayar da ita. Ga manhajar kyamara, a kafa wayar a wuri guda kullum, a manna alama a ƙasa inda yaro zai tsaya, haske ya fito daga bayan wayar, kada taga ta kasance a bayan yaron.

Gargaɗi: a duba fata duk lokacin da aka cire madauri. Jan da bai ɓace ba bayan minti 20 zuwa 30, ko kumburi, ko ƙuraje, alama ce ta a dakata a kira likita. Wannan ya fi muhimmanci ga yaron da ba ya jin taɓi sosai a ƙafa, ko wanda ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Kada a yi caji na'ura tana jikin yaro.

Mataki na 7: Makon farko na aunawa kawai

A bar yaro ya yi kwana bakwai yana harkarsa yadda ya saba, da ranakun makaranta da na hutu, na'urar tana rubutawa, ba a ƙara masa komai ba. Wannan adadi shi ne tushen da za a riƙa komawa. A kashe burin da kamfani ya saka tun asali, irin taku 10,000 a rana, saboda ba domin wannan yaro aka tsara shi ba, kuma ganin ya gaza kullum zai karya masa gwiwa. Likita ne zai sa sabon buri daga abin da makon ya nuna, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Mataki na 8: Zaman atisaye na kullum

A zaɓi lokacin da yaro ba ya jin yunwa ko barci, a share fili, a kawar da abin da zai iya bugewa da shi, babba ya tsaya a ɓangaren da ke da rauni. A haɗa na'urar da waya kafin a kira yaron, domin minti biyar na jiran haɗi sun isa su kashe masa sha'awa. Gajeren zama da ake yi akai-akai ya fi dogon zama na lokaci-lokaci, tsawonsa kuma likita ne zai faɗa. A saita wahalar wasan yadda yaro zai ci nasara a mafi yawan gwaji amma sai ya yi ƙoƙari.

A nan ne idonku ya fi na'urar amfani, kuma a nan ne aka fi yin asara. Yara suna da saurin gano hanya mafi sauƙi ta samun maki. An ce yaro ya miƙe gwiwar hannu ya taɓo tauraron da ke allo, sai ya bar gwiwar a lanƙwashe, ya ɗaga kafaɗa har kusa da kunne, ya sunkuyo da ƙirjinsa gaba. Hannun ya isa wurin, wasa ya buga kiɗan nasara, rahoto ya ce ya yi sau talatin, alhali tsokar da ake so ta yi aiki ko sau ɗaya ba ta yi ba. Wani kuma zai gano cewa girgiza ƙafa yana zaune yana ƙara adadin taku. Don haka ku kalli jikin yaron, ku bar masa allon. Ku roƙi likita ya nuna muku siffar motsin da ake so da kuma dabaru biyu ko uku da yaronku ya saba kaucewa da su. Idan kun gan su, kada ku yi faɗa, domin dabara ce ta jiki mai neman sauƙi; ku rage wahalar wasan, ku gyara masa zama, bayansa ya jingina, ƙafafunsa su taka ƙasa, a ci gaba. Motsi goma masu kyau sun fi talatin na karkace, kuma na karkacen idan ya zama jiki yana da wuyar cirewa.

Bayan an ajiye na'urar, a ɗauki minti kaɗan a yi ainihin abin da aka rubuta a Mataki na 1: a hau matakalar gaske, a ɗauki kofin gaske. Ƙwarewa a wasa ba ta cika komawa rayuwar yau da kullum da kanta ba sai an haɗa su.

Gargaɗi: a tsaya idan yaro ya ce yana jin ciwo, ko jiri, ko numfashinsa ya yi sama, ko tsokarsa ta ƙara sandarewa. Ga masu ciwon lalacewar tsoka irin na Duchenne, atisaye har a gaji tiɓis yana cutar da tsokar, saboda haka a kashe duk wani tsarin manhaja da ke zuga yaro ya karya adadin jiya.

Gargaɗi: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ba ta amince da zaman kallon allo ga yaron da bai kai shekara biyu ba, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana. Ga ƙananan yara, a fifita ma'aunin da ke aiki a ɓoye ba tare da allo ba, iyaye su duba rahoton daga baya.

Mataki na 9: Rahoto da ganawa ta bidiyo

Ku amince da likita kan ranar da zai riƙa duba rahoto, kada ku ɗauka yana kallo kullum. Na'urar gashi ba ta kiran agajin gaggawa, don haka abin da ya tayar da hankali a kira ta waya. Tare da adadin, ku riƙa rubuta 'yan kalmomi a kowace rana: ya yi zazzaɓi, an sauya magani, batir ya mutu da rana, an sa sabon takalmi. Idan babu wannan bayani, likita zai ga adadi ya faɗi bai san dalili ba. Kada ku damu da hawa da saukar kwana ɗaya, ku dubi yadda makonni suke tafiya.

Ranar kiran bidiyo, a kafa wayar yadda jikin yaro zai fito daga kai har ƙafa, ya sa kayan da ke nuna gwiwa da kafaɗa, kuma a samu mutum na biyu idan zai yiwu, ɗaya ya kula da waya, ɗaya ya riƙe yaro.

Gargaɗi: adadin bugun zuciya da na iskar oksijin da agogo ke bayarwa ta hanyar haske yake aunawa, kuma motsi da sakin madauri suna ɓata shi. A 2021 FDA ta yi gargaɗin cewa ma'aunan oksijin na yatsa suna iya rage daidaito ga masu duhun fata. Idan yaro yana haki ko ya galabaita, a bi abin da ido ya gani ko da adadin ya nuna lafiya.

Mataki na 10: Bita, sauyi, ko ajiyewa

Bayan mako shida zuwa takwas, a koma ɗakin gashi a auna yaron da gwajin da likita ya saba, kamar lokacin da yake ɗauka ya yi tafiyar mita 10 ko nisan da yake kaiwa cikin minti shida, sannan a ɗauko takardar buri a duba. Idan makin wasa ya hau amma matakalar tana nan yadda take, sai a sauya atisayen ko na'urar. Idan yaron ya gundura, wanda abu ne da aka saba gani bayan 'yan makonni, a sauya wasan ko a ba na'urar hutu a ci gaba da atisaye ba tare da ita ba. Idan kuma an cimma burin, a rubuta sabo, a sake tambaya ko wannan na'urar tana da aiki a cikinsa.

Lokacin da aka yanke shawarar ajiye ta, a fitar da rahoton duka a ba likita kwafi, a soke biyan kuɗin wata-wata, a nemi kamfanin ya goge asusun da bidiyon da ke rumbunsa, a mayar da na'urar saitin da ta zo da shi kafin a ba wani, sannan a cire batir a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura.